Zakunan da Na Bari Ba Ido

Sanyi ne ya fara tarbata a New York, don Ɗan'asabe da ya yi alkawarin zuwa filin jirgi sai da rana ta karkata ya iso. Ina tsaye bakin ƙofa da 'yar jakata da rigar shadda mara nauyi, haƙorana suna kaɗawa, duk baƙin mutumin da ya wuce sai na leƙa fuskarsa. Da ya zo ko haƙuri bai ba ni ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tasi'u, a haka ka zo? Nan fa ba Funtuwa ba ce." Na san ba Funtuwa ba ce, don a can ko wanda ba ku shiri ya sauka a tasha sai ka tambaye shi ya hanya.

Sana'ata zanen mota ce. Shekara goma sha huɗu na yi a rumfar Maigida Ilu, bayan tashar manyan motoci, muna yi wa gingimari da roka ado: zaki, ɗawisu, mikiya ta suro maciji, masallaci mai koriyar ƙubba, da duk rubutun da direba ya zaɓa. Ɗan'asabe ɗan unguwarmu ne da ya daɗe a Amurka. Da ya zo gida ya ga aikina sai ya yi ta yi min romon baka, wai yana da shagon zane a Manhattan, wai Turawa layi suke yi. Ya same ni daidai lokacin da zuciyata take tafasa, shi ya sa ban tsaya dogon bincike ba.

Abin da ya tafasa min zuciya kuwa ido ne. A rumfar Maigida akwai dokar da ba a karyawa. Kai za ka fitar da zaki tun daga geza har wutsiya, ka yi farata, ka yi haƙora, amma ido na Maigida ne. Yana da wani ɗan siririn burushi a aljihun gaban rigarsa. Shi zai hau tsani ya ɗiga baƙi, ya ɗiga fari, sai ka ga dabba ta tashi tana kallonka. Ranar da ya miƙo maka burushin nan ya ce ka hau, ranar ya yaye ka. A raba goro, a yi addu'a, ka je ka kafa taka rumfar da albarkarsa. An yaye mutum huɗu a gabana, biyu daga cikinsu ni na koya musu haɗa kala, ni kuwa shiru kake ji.

Wata Laraba Maigida ya tafi jana'iza Malumfashi. Wani direba ya tsaya a kaina, lodin masara yana jiransa, zakin bayan motarsa an gama komai sai ido. Na ɗauki burushi na gama-gari, na aske bakinsa da reza, na hau na sa. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ashe Maigida yana cikin motar haya yana dawowa, gingimarin ta wuce su a hanya, ya ga bayanta. Kwana uku bai ce min uffan ba. Ran na huɗu ya ce, "Tunda ka iya, mi kake jira nan?" Da na durƙusa na ba da haƙuri da tuni an wuce wurin. Girman kai ya sa na kwashe kayana, kuma har na bar ƙasar ban je masa sallama ba.

Shagon Ɗan'asabe na Manhattan tebur ne a bakin titi a Harlem, tsakanin mai turare da mai hular sanyi. Aikina yana cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da yake ajiye kaya. Zai kawo tsofaffin katakai in zana musu zaki ko giwa ko kawuna irin na allon shagon aski, idan fenti ya bushe sai mu shafa ruwan shayi, mu goge da yashi, mu ɗan buga gefen da dutse. Kafin sati ya zagayo allo ya tsufa da shekara hamsin.

A ɗakin nan na fara gane abin da ya same ni. Na gama zaki na farko, na tsoma burushi a baƙi, na kai hannu wajen ido, sai hannun ya kama rawa. Na ɗauka sanyi ne. Na hura shi, na sa a hammata, na sake kaiwa, ya ƙi. Ni ba mai camfi ba ne, kuma ban taɓa tunanin Maigida ya yi min wani abu ba, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Kawai duk lokacin da na matso da burushi sai in ji kamar yana tsaye a bayana ya harɗe hannu. Haka na bar gurbin fari, na ce wa Ɗan'asabe zan ƙarasa gobe. Ya karkata kai ya kalli allon ya ce, "A'a, bar shi haka, ya fi kama da original."

Na yi wata bakwai da shi. Ranar da muka rabu ana yayyafi, ina riƙe masa lema a kan teburin, wata Baturiya ta ɗauki zakina tana jujjuyawa. Lokacin Turancina ya fara kama ƙasa, don haka na ji duk abin da ya faɗa mata. Wai wani tsoho ne ya zana a wani ƙauye mai nisa, ya rasu tun kafin a haife shi. Wai a ƙabilarsu ba a sa wa dabba ido, kada ta tashi ta cinye mai gida. Matar ta dafe ƙirji don tausayi. Ni marigayin ina tsaye da lema, ruwa yana zubo min ta wuyan riga. Tana tafiya na miƙa masa lemarsa.

Wanda ya tsince ni Malam Lawal ne, direban tasi, mutumin Katsina. A masallacin Juma'a muka haɗu, wani ɗaki ne a ƙasan wani bene kusa da titin Grand Concourse a Bronx. Bayan sallah kowa ya watse, ni na zauna don ba ni da wurin zuwa. Ya ji na amsa sallama sai ya tsaya ya ce, "Kai wannan baki ai na gida ne. Daga ina?" Na ce Funtuwa. Ya ce, "Ah to, tashi mu tahi, ɗan Funtuwa ba ya kwana masallaci ina raye." Ya ba ni katifa a falonsa da tsohuwar rigar sanyi da ta kai min gwiwa, kuma shi ya samo min aiki a wajen wankin mota. Bizata ta riga ta ƙare. Ya faɗa min gaskiya tun ranar farko, cewa idan na fita ƙasar a haka, shekaru masu yawa ba zan sake shigowa ba.

Kewar gida ba ta zuwa min ta abinci ko ta waƙa kamar yadda take zuwa wa wasu. Ta motoci take zuwa min. Manyan motocin ƙasar nan tsirara suke yawo, farare fat, daga lamba sai sunan kamfani. In tsaya a kan gada in ga tirela ta wuce da faɗin bayanta ba ko ɗigo, sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi, in fara raba wurin a raina: zaki a tsakiya, dabino biyu a gefe, rubutu a sama. Daga nan sai in tuna rumfa, da warin fenti da na gas, da muryar Maigida yana ce wa direba ya yi haƙuri fenti ba ya jin hon. Sau da yawa na sauko daga gadar nan ina share fuska, ina ɗora wa iska laifi.

Sau biyu na tura mahaifiyata gidan Maigida ba da haƙuri. Ya tarbe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce, "Ba komai, Hajiya." Duk wanda ya san mutanenmu ya san irin wannan ba komai ɗin. Da ta miƙa masa waya ta ce ga ni a layi, sai ya ce yana da alwala zai shiga masallaci.

Kusa da gidan Malam Lawal akwai shagon abincin Hajiya Fati, 'yar Zangon Kumasi. Ita ce ta ciyar da ni shinkafa da wake irin tasu ta Gana a watannin da aljihuna ba nauyi, kuma ba ta taɓa bari na ji kunya ba, sai ta ce ragowar tukunya ce. Ƙofar shagonta ta ƙarfe ce mai naɗewa, samarin unguwa sun cika ta da rubuce-rubucen fentin feshi, wani kan wani. Wata rana ta ce min, "Tasi'u, Lawal ya ce kai painter ne. Duba ƙofa na, ya yi datti, customer ya na gani ya na gudu. Ka yi mini abu mai kyau, ni zan sayi paint." Hausarsu ta Zango ba ruwanta da mace da namiji, har yau idan ta ce "ya zo" sai na jira in ga wanda zai shigo.

Ranar Lahadi ba ta buɗewa, don haka Lahadi uku na yi a kan ƙofar. Na yi mata kamar bayan gingimari sak: zaki ya fuskanto gaba, ɗawisu biyu, furanni a kewaye, sunan shagon a sama da haruffa masu inuwa. Tun Lahadin farko na lura da wani dattijo mai sanda da hular hana-sallah, yana zaune a kan matakalar gidan da ke kallonmu, yana shan kofi. Bai ce komai ba sai a Lahadi ta uku, ina tattara gwangwanaye. Ya tsallako ya nuna haruffan da sandarsa, ya tambaye ni da Turanci wa ya koya min wannan inuwar. Na ce maigidana, a Najeriya. Ya ce a bango muke yi? Na ce a'a, a mota. Sai ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Wato zanenku tafiya yake yi." Ya daɗe yana kallon zakin, sannan ya ce na manta ido. Na ce ban manta ba.

Sunansa Mista Ramon, iyayensa daga Puerto Rico suka zo, a Bronx aka haife shi. Na fara ce masa Baba Ramon, ya ce shi ba babana ba ne, na ce a wurinmu furfura ce take yanke wannan hukuncin. Ya haƙura. Yana da ɗakin zane a hawa na huɗu na wata tsohuwar masana'anta, kuma kafaɗarsa ta dama ta fara gajiya, yana neman mai ɗaure masa kanbas, wato yadi mai kauri da suke zane a kai, da mai shimfiɗa masa kalar ƙasa. Na bar wankin mota a satin.

Sannu a hankali na san ko shi wane ne. Yana cikin samarin farko da suka fara zane a jikin jiragen ƙasan birnin, lokacin da Bronx take kango da gobara. Shi da abokansa sukan tsallaka waya su shiga inda ake ajiye jirage, da gwangwanayen feshi a cikin riga, su rufe tarago guda da kala daga sama har ƙasa. An kama shi, an doke shi, kare ya taɓa yaga masa cinya, ya nuna min tabon. Mahaifiyarsa tana sharar ofisoshi a Brooklyn, kullum a jirgi take tafiya, ya ce saboda ita yake zaɓar layin da yake zana wa. Tana dukansa a gida kan fentin da ya ɓata masa wando, amma a tasha idan taragonsa ya shigo sai ta taɓo ta kusa da ita ta ce, na ɗana ne.

Daga baya hukuma ta tashi haiƙan, duk jirgin da aka zana sai an wanke kafin ya fita. A daidai lokacin wata mai galari, wato gidan da ake baje zane ana sayarwa, ta neme shi ta ce ya yi irin wannan a kanbas. Ya yi, aka saya, aka kai shi Turai, yaron da bai taɓa wuce kogin da ke gefen birnin ba. Bayan 'yan shekaru masu kuɗi suka gaji da su suka koma wani yayin. Ya yi aikin kai saƙo a keke, ya yi fentin gidaje, ya yi shekaru ba mai ambaton sunansa. Sai da ya yi furfura aka sake tuna shi, yanzu har ɗaliban jami'a suke zuwa da littafi suna rubuta duk abin da ya faɗa, har tarinsa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya ce in ajiye aiki in raka shi. Muka hau wata tasha da jirgi yake bi ta sama, muka zauna a benci. Jirage suna shigowa suna fita, duk kalar azurfa, ba ko ƙwarzane. Ya ce tarago ya fi ɗari ya zana, ko ɗaya bai rage a duniya ba, sai hotuna kaɗan da wani ya ɗauka. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa taka galari ba, takan ce ba ta da kayan da za ta sa. "Yanzu zanena yana rataye a falon mutanen da ban sani ba," in ji shi, "ba ya zuwa ko'ina, ba wanda yake taɓo wani." Na ba shi labarin yadda direba zai dawo daga Fatakwal ya ce an tsayar da shi a Lakwaja ana tambayar wa ya yi masa zakin nan. Muka zauna a wurin har kofinsa ya huce, kowa da abin da yake hange.

Shi ya ba ni kusurwa a ɗakin da ragowar fenti ya ce in yi nawa. Shi ya haɗa ni da wata lauya da ta ce akwai hanyar gyara zamana, amma sai haƙuri, kuma kada in kuskura in fita kafin a gama. Da za a baje sabbin ayyukansa a wata galari a Manhattan, ya ce ba zai sa hannu ba sai an ba ni bango ɗaya. Zane shida na rataya, zakuna uku, mikiya, doki da ɗawisu, duk gurbin idonsu fari. Mai galarin ta ga haka ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta rubuta a wata 'yar takarda ta manna a bango, wai na bar idanun ne don in nuna halin baƙin haure da suke cikin birni ba a ganinsu. Na karanta sau biyu. Ɗan'asabe ya kashe ni, wannan kuma ta mai da ni malamin falsafa.

Huɗu aka saya a ranar buɗewa. Mutane suna miƙo min hannu, ana ɗaukar hoto, ni kuwa ba abin da nake tunawa sai cewa a rumfarmu ba a barin mota ta fita a haka. Washegari muna cin abincin rana a ɗakin zane Baba Ramon ya ce, "Abin da ta rubuta ƙarya ne, ko?" Na ce ƙarya ne. Na kwashe labarin Maigida da burushi da Larabar nan na faɗa masa, abin da ko Malam Lawal ban faɗa wa duka ba.

Ya ajiye cokali ya ce, "Ni ba wanda ya koya min. Da ido na sata, a jikin jirgin wasu. Da ina da mutumin da ya tsaya a kaina shekara goma sha huɗu, da da rarrafe zan je masa." Na ce na aika mahaifiyata sau biyu. Ya ce, "Mahaifiyarka ce ta sa idon?" Na ji haushinsa har na yi kwana biyu ban je aiki ba, don ya faɗi gaskiya.

Ana cikin haka mahaifiyata ta kira ta ce Maigida ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, an rufe rumfar. Na tafi wurin lauya a ranar, na ce zan tafi gida. Ta ce tafiya hakkina ce, amma in sani ƙofa za ta rufe a bayana, duk abin da aka fara ya rushe. Mahaifiyata da ƙannena uku da ni suka dogara. Na fito daga ofishin na yi ta tafiya a ƙafa ban san inda na nufa ba, ina zagin kaina. Ban taɓa jin nisan Amurka ba irin na ranar.

Malam Lawal yana shirin zuwa gida hutun Sallah, shi takardunsa lafiya lau. Na yi kwana tara a kan kanbas ɗaya, zaki mai fuskanto gaba, irin wanda Maigida ya fara koya min, ban sa masa ko ɗaya daga cikin salon da na koya a nan ba. Na naɗe shi na zura a bututun roba na ruwan famfo, na toshe bakin. Malam Lawal ya ce, "To in na je mi zan ce mishi?" Na yi ta tsara dogayen maganganu a raina, da aka zo faɗa sai ɗaya ta fito. Na ce, "Ka ce masa yaronsa ya gama aiki, yana jiran ido."

Sati shida ya yi. Na kira shi ya fi a ƙirga, sai ya ce network ba kyau, ko ya ce sai ya dawo. Na sa a raina an kore shi ne yake jin nauyin faɗa min. Ranar da ya dawo ya ce mu haɗu a shagon Hajiya Fati da azahar. Na tarar da shi da bututun a kan cinya. Hajiya ta rage wutar tukunya ta jawo kujera, don ita ba a yin labari a shagonta ba da ita ba.

Malam Lawal ya ce ya sami Maigida a zaure kan tabarma, an jingina shi da matashi. Da ya faɗi saƙon, Maigida ya yi kamar bai ji ba. Sai ya buɗe zanen ya shimfiɗa a gabansa. Ya ce tsohon ya kai rabin awa yana kallo, yana bin gezar da yatsan hagu. Sannan ya ce, "Ka bar shi nan, ka dawo ranar da za ka koma."

"Da na koma," in ji Malam Lawal, "ya ce in zauna in riƙe maganar da kyau. Ya ce in hwaɗa maka, idon da ka sa ma motar masara bai da aibu, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Ya ce ya daɗe yana riƙe ka don kai kaɗai ne ya so ya bar ma rumfar, sauran sallamarsu ya yi. Ya ce jana'izar da ya je Malumfashi, a hanyar dawowa ya tsaya kasuwa ya sayi goron yayenka. Goron yana kan cinyarshi cikin mota lokacin da gingimarin ta wuce su."

Hajiya Fati ta ce, "Innalillahi." Malam Lawal ya ce Juma'ar satin Maigida ya yi niyyar yaye ni, kwana biyu kacal suka rage.

Na zare zanen na shimfiɗa a kan teburin cin abinci. Ido ɗaya an sa. Baƙin ya fita daga gurbinsa, ya zubo siriri har kan kuncin zakin, farin ɗigon ya sauka a gefe. Hannun hagu ne, hannun da bai taɓa riƙe burushi ba. Malam Lawal ya ce iyalin Maigida sun faɗa masa kwana huɗu ya yi yana gwadawa a kan kwali kafin ya taɓa kanbas ɗin. Ɗaya gurbin yana nan fari. Na girgiza bututun sai wani ƙullin tsumma ya faɗo, a ciki ga ɗan siririn burushin, gindinsa ya yi baƙi don riƙo. Na kifa kaina a teburin Hajiya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Washegari da safe na kafa zanen a ɗakin Baba Ramon. Ya ja kujera ya koma can nesa ya yi kamar yana karanta jarida. Na yi bismillah, na tsoma burushin, na ɗiga baƙi, na jira, na ɗiga fari. Hannun bai yi rawa ba. Baba Ramon ya taso ya tsaya kusa da ni ya ce mai galari za ta so in gyara wanda ya zubo. Na ce wannan ba na galari ba ne. Ya ce ya sani, gwada ni yake. Na sauka na sayo goro a shagon wasu 'yan Gini, na raba wa Malam Lawal da Hajiya da duk wanda na sani a masallaci. Baba Ramon ya gutsura ya yamutsa fuska, amma ya haɗiye.

Na roƙi mahaifiyata ta sake zuwa gidan Maigida. Lokacin a nan hantsi ne, can gida la'asar. Na ji sallamarta, na ji motsin tabarma, na ji ta ce ga Tasi'u. Sai na ji numfashi, sannan murya, a hankali, kalmomin suna jan ƙafa.

"Ka sa?"

"Na sa, Maigida."

"Ka wanke burushin?"

"Na wanke, Maigida. Don Allah ka yafe..."

"An wuce nan. Kar ka bar shi tsaye kan gashinshi, lanƙwashewa yake." Ya tsaya ya huta. "Rumfa tana nan, na hana a ba kowa. Yaushe za ka zo?"

Na kalli tagar ɗakin, na rasa ta inda zan fara yi masa bayanin lauya da takardu da layin da ba a ganin ƙarshensa. Na ce, "Sun ce in jira, Maigida."

"To," ya ce. "Ni ma ina jira. Amma ka ce masu su ɗan yi sauri."

Wata goma sha ɗaya ke nan da wannan maganar. Duk ranar Litinin nake kiran lauya, duk ranar Juma'a nake kiran Funtuwa, kuma kullum kafin a ɗaga sai na riƙe numfashina.